Jif mai giyar otomatik a hanyar gona: ana shiga laka da ita ko a haƙura?

Abban_Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar masana mota. Ina da Prado ƙirar 2008, otomatik ce, da ita nake zuwa gona can gaba da Kujama, ta wajen Kajuru. Kun san yadda hanyoyin nan suke da zarar watan Agusta ya kama: ka sauka daga kwalta ka hau jar ƙasa, daga nan sai fadama. A zuwana na ƙarshe, da buhunan taki a baya, muna cikin ratsa wani dogon caɓi sai wata fitila ta kama a dashbod, an rubuta A/T OIL TEMP. Maƙwabcina tsohon direban babbar mota ne, ya ce in sayar da ita in nemi Hilux manuwal, wai otomatik motar gari ce, duk wanda ya shiga daji da ita ya tanadi kuɗin giyabos. Shin haka ne? In ba haka ba ne, yaya ake sarrafa ta a laka da gangara ba tare da an kashe giya ko an jefa rai cikin haɗari ba?

DanKawo_77:
Wa alaikumus salam. Alhaji, maƙwabcinka gaskiya ya gaya maka. Je ka tashar Kawo ka duba motocin da ke shiga ƙauye ranar kasuwa, ka ga ko za ka samu otomatik a cikinsu. Masu neman abinci da mota sun san abin da suke yi.

Injiniya_Panteka:
Alhaji Abban Sadiya, kafin ka sa wa motarka kuɗi amsa min tambaya biyu. Lokacin da fitilar ta kama, babbar sandar giya tana ina? Ƙaramar sandar nan ta gefenta fa, tana H ko tana L?

Abban_Sadiya:
Babbar tana D, Injiniya. Ƙaramar kuma tana H, inda na same ta tun ranar da na sayi motar.

Injiniya_Panteka:
To ga bakin zaren nan: fitilar tana nufin man giya ya yi zafi da yawa. A motar manuwal kuloci ne ke haɗa inji da giya kai tsaye. Otomatik ba haka take ba. Tsakanin inji da giyabos akwai konbata, cike yake da man giya: inji ya juya man, man ya juya giya. Idan mota ta miƙe a kwalta, ɓangarorin biyu kusan tare suke gudu, har akwai wani kuloci a ciki da ke kulle su wuri ɗaya, don haka zafi kaɗan ne. Amma kana cikin laka, ga kaya, kana taka totur, inji na ihu taya na jan ciki, to duk ƙarfin da bai isa taya ba zafi yake komawa a cikin man. Man giya ya fi son aiki a wajen digiri 80. In ya haura 120 ya daɗe a can sai ya fara ƙonewa, faibobin kulocin da ke cikin giyabos su fara cinyewa, wata rana ka sa D mota ta tsaya tana kallonka.

Ƙaramar sandar da ba ka taɓa ba, don irin wannan wuri aka yi ta. In ka kai ta L, gudun taya zai ragu kusan sau biyu da rabi, ƙarfin da ke isa gare ta ya ƙaru daidai haka. Konbata ya daina wahala, mai ya daina tafasa, mota ta riƙa tafiya a hankali da ɗan totur kaɗan. Yadda ake sa ta: ka tsaya cak, ƙafa a kan birki, babbar sanda ta koma N, sannan ka tura ƙaramar zuwa L a jiki ɗaya, kada ka yi ta shawagi a tsakiya. Daga nan ka dawo D, ko ma 2 in caɓin mai nauyi ne, don kada giya ta riƙa hawa da sauka. Kuma tun kana kan busasshiyar ƙasa ake yin wannan, ba sai taya ta nutse ba.

Ita kuma fitilar, in ta sake kamawa, nemi wuri mai tauri ka tsaya, ka sa P, ka bar inji yana aiki a silo har ta mutu da kanta. Kada ka kashe mota. In ka kashe, famfon mai ya tsaya, fanka ta tsaya, zafin ya kwanta a ciki.

Sadiq_Mando:
Allah ya saka da alheri Oga Injiniya. Wallahi da yawa daga cikinmu in mun ga kowace fitila abin da muke fara yi shi ne murɗe makulli.

DanKawo_77:
Na ji bayanin Injiniya, amma bai warware tawa ba. Batir ya mutu a tsakiyar daji, manuwal sai ka kira samari huɗu su tura, ka saki kuloci a giya ta biyu, ta tashi. Otomatik ko mutanen ƙauyen gaba ɗaya suka fito ba za ta tashi da turi ba. Wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Injiniya_Panteka:
Wannan kam gaskiyarka ce Malam DanKawo, ba musu. Famfon man giya inji ne ke juya shi, in inji bai tashi ba babu abin da zai kama. Shi ya sa mai otomatik ba ya shiga daji sai da wayar jan wuta daga wani batir, ko ƙaramin batirin nan na tayar da mota da ake caji a gida. Amma ka zo garejina a damina ka ga tarin kulocin Hilux manuwal da suka ƙone a laka. Direba ya kafe, ya riƙe kuloci rabi yana ba da wuta, warin ma tun daga nesa kake jin sa. Kowacce da inda take ciwo.

Baba_Mai504:
Ku yaran yanzu kuna da gata. Mu da muka fara tuƙi lokacin da kamfanin Peugeot na Kakuri ke kan ganiyarsa, tun bayan da ya fara haɗa motoci a 1975, akori-kura 504 muke shiga da ita har ƙauyukan Saminaka mu ɗauko masara. Ba fowil, ba komai, tayoyin baya kawai ke ja. Abin da ke fitar da mu shebur ne, da adda, da katako biyu, da kuma sanin ƙasa. Kafin ka shiga caɓi ka sauka ka taka da ƙafarka, ka ga inda sawun shanu ya nutse da inda bai nutse ba. Baƙar laka ta fadama daban, jar ƙasa mai santsi daban. Jar ƙasa sulɓi take yi ta kai ka kwalbati, baƙar kuma haɗiye taya take yi. Ban taɓa tuƙa otomatik a daji ba, don haka ba zan sa baki a giya ba, amma ƙasar dai ba ta sauya ba.

Ummu_Hanif:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Don Allah in ɗan raɓa da tambayata. Highlander gare ni, an rubuta 4WD a bayanta, amma na duba babu ƙaramar sanda, babu wani maɓalli mai L4 (wato L ɗin ƙaramar sanda). Mukan je gida ta wajen Soba, akwai wurin da hanya ke lalacewa da damina. Bayanin Injiniya ya shafe ni?

Injiniya_Panteka:
Hajiya, ya shafe ki, sai dai rabi. Highlander da RAV4 da CR-V da Venza suna iya tura ƙarfi zuwa tayoyi huɗu, amma ba su da wannan ƙaramar giya mai ninka ƙarfi, kuma cikinsu ya fi kusa da ƙasa. A hanya mai ɗan santsi ki sauke sandar giya zuwa 2 ko L nata, wato giya ta ɗaya, ki bi a hankali, za ta wuce. Inda kika ga sawun tarakta ya yi rami har ciki zai dafa ƙasa, ki juya. Ba motar wurin ba ce, in aka tilasta mata giyar ce za ta biya.

Direban_Kachia:
Kowa laka yake ta magana, ni kuwa abin da ya fi ba ni tsoro gangara ce. Citta nake ɗauka daga ƙauyukan Kachia, wani lokaci aiki ya kai ni har gindin duwatsun Kagoro, kuma Hilux otomatik nake ja. Laka ta kashe maka giya, ka yi asarar kuɗi ka dawo gida. Gangara rai take ɗauka.

Abin da mutane ba su gane ba: a D, in ka ɗaga ƙafa daga totur a gangara, mota ba ta riƙe kanta, ƙara hawa giya ma take yi. Sai direba ya kwanta a kan birki tun daga sama. Da kaya a baya, kafin ya kai rabi birki ya ɗau zafi, ya fara wari, feda ta yi laushi, yana takawa tana tafiya. Ni tun a kan tudu nake tsayawa in sa L4, in sauke babbar sanda zuwa L, in saki birki. Za ka ji inji ya ɗaga murya, mota tana sauka da tafiyar mai ƙafa. Wannan ƙarar ba lalacewa ba ce, inji ne ke riƙe nauyin. Birki sai ɗan taɓawa in ta so ta zarce.

Akwai kuma masu sa mota a firi a gangara wai suna adana fetur. Don girman Allah a daina. Ka raba taya da inji, ka bar tan biyu da wani abu a hannun birki kaɗai, ran da ya gaza ba ka da na biyu.

Sadiq_Mando:
Oga Direba, in mutum yana hawa tudu fa mota ta gaza a tsakiya, taya na ta juyawa a wuri ɗaya?

Direban_Kachia:
Taka birki da ƙarfi ka riƙe. Kada ka yi ƙoƙarin juya kan mota a jikin tudu, nan ne jif ke kifewa, don doguwa ce kuma nauyinta a sama yake. Ka sa R, har yanzu kana L4, ka miƙe sitiyari, ka sassauta birki a hankali ka sauko da baya a kan sawun da ka hau. Kada ka bar ta a D ko N ta riƙa zamewa baya da kanta. In ka iso ƙasa ka rage kaya ko ka nemi wani layi. A nan otomatik ma ta fi sauƙi, don ba ta mutuwa a tsakiyar hawa kamar yadda manuwal ke yi wa wanda ƙafarsa ba ta ƙware ba.

Garba_Rigasa:
Ina so in ƙara wani abu kan ƙaramar sandar nan, tunda yanzu Alhaji zai fara taɓa ta. A tsakanin H da L akwai N nata na kanta. In ta tsaya a nan, P ba ta riƙe mota ko kaɗan, domin tayoyi sun rabu da giyabos gaba ɗaya. Na ga wannan da idona a bakin wani rafi: tsohuwar Land Cruiser, direba ya gwada sa L bai shiga sosai ba, ya sa P ya fito zai duba ruwa. Yana ba ta baya ta fara gangarawa shiru, ba ƙara, da mata biyu da yaro a kujerar baya. Wani saurayi ne ya yi wuf ya faɗa ta ƙofar da aka bari a buɗe ya ja hambirki. Irin waɗannan motoci suna da fitila mai A/T P da ke gargaɗin haka, amma wa ke kallo? Ƙa'idata ita ce: ƙafa a birki, ja hambirki, ka ji mota ta zauna, sannan P. In wurin gangara ne a sa waigi.

Injiniya_Panteka:
Malam Garba ya faɗi babbar magana. Ko da ƙaramar sanda tana daidai, P ɗan ƙaramin haƙori ne na ƙarfe da ke shiga cikin wani gurbi a giyabos. In ka jingina masa nauyin mota a gangara, shi ne za ka zo fita sanda ta ƙi motsi, in ta fita ka ji ƙara gau. Hambirki farko, kamar yadda ya ce. Sannan bayan an fito daga laka a wanke ƙafafun baya sosai, don laka tana shiga cikin hambirki ta cinye shi, ka ja ka ji ya zo sama amma bai kama komai ba.

Yusuf_Barnawa:
Ni in na kafe, D da R nake yi da sauri da sauri, gaba baya gaba baya, har ta yi tsalle ta fito. Kullum tana fita.

Injiniya_Panteka:
Ɗan'uwa Yusuf, lilo yana fitar da mota, amma ba da sauri da sauri ba. In taya tana juyawa gaba ka jefa R, faibobin ciki ne ke shan dukan. Ka ɗan ba da wuta ta matsa gaba, ka saki totur, ka taka birki taya ta tsaya cak, sannan R, ka jira ka ji ta kama, ka ɗan ba da wuta. In ka gwada kaɗan ba ta ƙara nisa, tsaya. Ci gaba da murza taya rami kawai yake ƙara tonawa, mai kuma yana tafasa. Sauka ka tone gaban tayoyi, ka sa katako ko rassan itace.

Hajiya_UnguwarRimi:
A wannan gaɓar ina roƙon maza masu tuƙi su ji ni. In mutanen gari sun zo taimako, sukan jeru a bayan mota suna turawa, wasu har da yara. Direba yana ciki, gilashi a rufe, bai ce da kowa komai ba sai ya jefa ribas. Ƙanin mijina haka aka take masa ƙafa a hanyar ƙauyensu, har yau yana ɗingishi. Otomatik ba ta jiran ka taka totur, kana sakin birki ta fara tafiya, kuma an ce a L ɗin nan ja take da ƙarfi fiye da yadda aka saba. A sauke gilashi, a sa mutum ɗaya ya tsaya a gefe inda direba ke ganinsa, shi kaɗai zai riƙa ba da umarni. Ba a sa R sai ya ce baya ba kowa.

Direban_Kachia:
Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Gaskiya ne, a L4 sai ka danne birki fiye da kullum kafin ta tsaya. Haka in za a ja ka da igiya, kowa ya matsa nesa, kuma a ɗaura a ƙugiyar da ke jikin shasi, ba a bamba ba, ba a ƙwallon jan tirela ba. In ƙarfe ya ɓalle da igiya a miƙe, duk wanda ya samu sai dai addu'a.

Abban_Sadiya:
Allah ya kiyaye, ya ba shi sauƙi. Ina ta karantawa ina rubutawa a takarda. Injiniya, in na fito kwalta zan iya barinta a L in kai gida, ko dole in tsaya in mayar?

Injiniya_Panteka:
Dole ka tsaya ka mayar H, Alhaji, da irin matakan da ka bi wajen sawa. Sannan a gane bambanci. Prado kullum tayoyinta huɗu ke ja, tana da difarenshal a tsakiya da ke barin gaba da baya su yi gudu daban a kwana. Abin da za ka kula da shi makullin wannan difarenshal ɗin ne: ka kulle a laka, ka buɗe da zarar ka taka ƙasa mai tauri. Hilux kuwa H2 ake tafiya da ita a kwalta, wato tayoyin baya kawai ke ja. In aka bar ta a H4, inda tayoyi huɗu ke ja, a busasshiyar hanya, gaba da baya a ɗaure suke, sai ka ji sitiyari ya yi nauyi a kwana, taya na kuka, farfela na murɗewa. Ana kawo mana su da yawa daga masu cewa sun bar fowil ne don mota ta fi zama a hanyar Zariya.

Wasu Land Cruiser da Prado suna da maɓalli mai 2nd STRT kusa da sanda. In ka danna, mota da giya ta biyu za ta tashi, taya ba za ta fizga ba. A jar ƙasar da Baba ya ambata, bayan an ɗauke ruwa, yana da amfani ƙwarai. Ka duba ko taka tana da shi, kuma ka gwada duk waɗannan a fili kusa da gida tukuna, ba a fafe gora ranar tafiya.

Nura_Rigachikun:
Ba wanda ya yi maganar ruwa. Mu da ke bin ƙauyukan Igabi akwai rafukan da ba gada, da rani yashi, da damina sai ka tsaya ka yi tunani.

Garba_Rigasa:
In ruwan yana gudu kuma ya kai gwiwa, a jira ya janye. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya tafiya da jif, nauyinta ba ya hana. In kwantacce ne kuma an taka an ga ƙasan da tauri, L4, giya ta 1 ko 2, tafiya ɗaya ba tsayawa ba gudu. In inji ya mutu a ciki kada a sake tayarwa, a jawo ta waje a duba ko ruwa ya shiga ta wurin shan iska. Bayan an fito a riƙa taɓa birki a hankali har ya bushe.

Injiniya_Panteka:
In ƙara kan na Malam Garba. A saman giyabos akwai ɗan bututun numfashi. Giya ta yi zafi ka tsunduma ta a ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta nan. Don haka in ka sha doguwar laka kafin ka iso rafi, ɗan dakata ta huce. Washegari a duba man. Lafiyayye ja ne garau. In ya koma kamar madarar da aka ɗiga wa zoɓo, ruwa ya shiga, kada motar ta ƙara motsi sai an juye shi, domin ruwa yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfensu. In kuma ya yi baƙi yana warin ƙuna, zafi ne ya cinye shi. Alhaji, naka tunda fitila ta riga ta kama, a duba shi kafin ka koma gona. A wanke lagireto ma, don ta nan man giya ke hucewa, in laka ta toshe shi ta bushe ko a kwalta za ka ga zafi.

Yusuf_Barnawa:
Ni bakanikena cewa ya yi ba a canza man otomatik, wai in aka canza giya mutuwa take.

Sadiq_Mando:
Ni ma na sha jin haka. Kuma wani mai shago ya taɓa cewa da ni duk jan mai ɗaya ne, in zuba kowanne.

Injiniya_Panteka:
Duka biyun a ajiye su gefe. Inda maganar farko ta samo asali: mutum ba ya tuna mai sai giya ta fara sulɓi, a canza, bayan sati ta ƙarasa mutuwa, a ce sabon mai ne. Da ma ta riga ta tafi. Motar da ke shiga laka da kaya ta fi motar ofis buƙatar canji a kan kari. Na biyu kuma, Toyota kanta tana da man giya T-IV, tana da WS na motocin baya-bayan nan, Nissan na da nata, masu giyar CVT, wani nau'in otomatik, nasu daban ne gaba ɗaya. A duba littafin mota ko abin da aka rubuta a jikin sandar awo. Wasu Prado ba su da sandar awon ma, ta ƙasa ake gwadawa a wani ƙayyadadden zafi, to wannan a kai wa wanda ya san aikin.

DanKawo_77:
Kun ga abin da nake faɗa? Mai na musamman, bakanike na musamman, janwe na musamman. Manuwal ta lalace a Kachia ko Pambeguwa, a nan za a gyara ta. Otomatik sai an kawo Kaduna. Kuma Injiniya ya ce in fitila ta kama a tsaya a jira. Mu faɗi gaskiya, akwai dazukan jihar nan da ba wanda ke son tsayuwar minti goma a cikinsu, kowa ya san halin da ake ciki.

Direban_Kachia:
Maganar tsayuwa ta shiga raina, Malam DanKawo, don ni ma ina bin irin wuraren. Amma amsata ita ce kada ka bari ta kai ga kamawa: L4 tun da wuri, kaya daidai ƙarfin mota, fita da safe. Batun janwe kuma gaskiya ne. In inji ba ya aiki, ba a jan otomatik da igiya tafiya mai nisa tayoyi a ƙasa, don cikin giya zai yi ta juyawa ba mai. Ko a ɗora ta a kan babbar mota, ko bakanike ya kwance farfela, gaba da baya in Prado ce.

Baba_Mai504:
Ɗana Abban Sadiya, kada ka yi gaggawar sayarwa, kada kuma ka raina maganar maƙwabcinka. Ka rage takin, ka yi sawu biyu in ya kama, ko ka sauke a bakin fadama amalanke ta ƙarasa da shi.

Abban_Sadiya:
Na gode Baba, na gode kowa. Sayarwa dai na dakata. Tambayar da ta rage min: an ce ana ƙara wa man giya wani ƙaramin lagireto nasa na daban a gaba. Ya dace in sa? Kuma in rani ya yi, hanyar tamu akwai dogon yashi a gindin rafi, shi ma L zan sa?

Injiniya_Panteka:
Ƙarin lagireton yana taimakawa ga mai ɗaukar kaya, in dai an sa mai kyau an ɗaure bututunsa inda itace ba zai fizge ba, don in bututu ya cire man zai tsiyaye cikin ɗan lokaci. Amma fara da wanke wanda kake da shi da duba mai. Yashi kuwa ni ƙaramar sanda a L nake ba da shawara, da babbar a D ko 3, don yashi ya fi laka dafa man giya. Ka rage iskar taya zuwa wajen 18 ko 20 a geji, kada ka yi kwana mai kaifi, kuma ka tafi da famfo ka mayar da iska kafin ka hau kwalta.

Direban_Kachia:
A nan na saɓa da kai kaɗan, Oga Injiniya. In yashin dogo ne kuma a miƙe, ni H4 nake bari in sauke sanda zuwa 2, don yashi yana son mota ta shigo da ɗan gudunta ta riƙe shi. A L4 wanda bai saba ba yakan ba da wuta da yawa taya ta tona. Sai in mai zurfi ne ko akwai hawa a bakin fita nake sa L4.

Injiniya_Panteka:
Da mota ba kaya na yarda. Da buhu goma a baya fa? A L da giya ta 3 ko ta 4 zai samu gudun da kake magana ba tare da konbata ya sha wuya ba.

Nura_Rigachikun:
Ni Pathfinder gare ni, maɓallin murɗawa ne ba sanda ba, kuma in na murɗa zuwa 4LO, wato L4 ɗinta, fitilar sai ta yi ta ƙiftawa ba ta tsayawa. Ko a N nake haka take yi wani lokaci. Injiniya, kafin ku gama da yashin, wannan daga ina ne, in kawo ta Panteka ko akwai abin da zan fara gwadawa?